Ƙeyar Baba

Akwai wani bawan Allah da tun yana ƙaramin aji abokansa suka laƙaba masa suna Na Ɗaya, sunan kuma ya bi shi har girma, don bai taɓa zuwa na biyu a jarrabawa ba. Ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai a jami'a, ya fito da sakamako mai kyau, ya samu aiki a ɗakin gwaji na wata masana'antar fenti.

Aikinsa shi ne ya ɗebo fenti daga kowane tanki, ya shafa a ɗan allo, ya duba kauri da launi da yadda yake bushewa, sannan ya sa hannu a wuce da shi. Aikin yana rufa masa asiri, amma ransa ba ya ciki. Kullum da warin fenti a riga da ciwon kai yake komawa gida.

Yana da 'ya guda ɗaya tal. 'Yar Baba kowa yake kiranta, don in yana gida ba ta yarda da kowa. Da ya shigo sai ta ɗaga hannu, ya ɗora ta a wuya, ta riƙe kunnuwansa, su zagaye falo har kicin, mamanta tana bin su da faɗa kada su fasa mata ƙwan fitila.

Tana da kamar shekara uku zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma kunne ya tafi. 'Yan kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. "Baba" ce ta ƙarshe da ta rage a bakinta, ita ma wata rana ta tafi.

Yarinya ba ta zauna shiru ba, sai ta ƙirƙiri alamunta. In tana nufin mamanta sai ta taɓa kumatu, inda uwar take da ɗan tabo. In tana nufin babanta sai ta buga kafaɗunta biyu da hannu, wato mai ɗaukarta a wuya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da ta isa shiga aji aka sa ta a makarantar kurame. Jama'a, nan yarinya ta buɗe. Ta koyi maganar hannu da sauri, ta riƙa dawowa gida da labari fal, hannu yana tashi, ido yana rawa. Na Ɗaya sai ya tsaya yana kallonta kamar baƙo a gidansa. Abin ya riƙa cin sa a rai ƙwarai.

Wata rana ya je ɗaukarta, sai ya nemi ganin shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta iya rufa-rufa ba. Ya gaya mata ya gaji da fenti, yana so ya koma koyarwa, kuma kurame yake so ya koyar. Ya ce babban burinsa shi ne ya zauna da 'yarsa su yi hira su biyu, ba tare da wani a tsakani ba.

Shugaba ta ji daɗi. Ta ce malamin kimiyyarsu ya kusa ritaya, kuma samun wanda ya san kimiyya ya kuma iya maganar hannu abu ne mai wuya. Ta ce a jami'a hanya biyu ce a gabansa. Akwai difloma ta gaba da digiri a koyar da kurame, wadda aka yi ta don irinsa, masu shigowa daga wani fanni. A nan zai fara da ajin maganar hannu daga tushe, sannan a tura shi wata makaranta ya yi zango yana taimaka wa malamin aji. Akwai kuma digiri na biyu, wato mastas, a tsare-tsaren ilimi na musamman. Shi karatu ne da bincike da rubutu, ya dace da mai son aikin ofis ko koyarwa a jami'a.

Ta cire tabarau ta dube shi ta ce, "In aji kake so, kuma in 'yarka kake so, diflomar ce taka. Mastas ba ya guduwa, za ka same shi daga baya."

Ya yi godiya, ya tafi da niyyar diflomar. Har manajansa ya yarda zai mayar da shi aikin yamma don ya samu zuwa aji da safe. Kun ga ke nan babu wani uzuri.

To, a sashen da ake diflomar a jami'a suna barin masu neman shiga su zauna ajin maganar hannu sau ɗaya, su ga yadda abin yake. Na Ɗaya ya je da riga mai guga da biro biyu a aljihu. Ya tarar an jera kujeru kamar rabin da'ira, babu tebur, babu abin rubutawa. Malamar ita kanta kurma ce, kuma a ajinta ba a buɗe baki.

Ta sa kowa ya fito tsakiya ya nuna yadda ya tashi daga barci har ya iso aji, da fuska da jiki kawai. Da aka zo kansa ya tsaya ƙiƙam. Fuskar ta ƙi motsi, yatsu suka sandare. Malama ta zo ta kama hannunsa, ta lanƙwasa masa yatsu ɗaya-ɗaya a gaban kowa, ta kumbura kumatu ta nuna masa ya yi haka. Ya yi, bai yi daidai ba. Wasu 'yan mata biyu da ba su daɗe da gama digiri ba suka ƙunshe dariya.

A ajin akwai wani mai ƙiba da ya karanta lissafi ya bar aikin banki, daga baya kowa Mai Tumbi yake ce masa. Wallahi shi ya fi Na Ɗaya shirme nesa ba kusa ba. Wajen nuna yadda ya sa takalmi ya kusa kifawa. Aji ya fashe da dariya, shi ma ya riƙe ciki yana yi, ya miƙa wa malama hannu ta gyara masa.

Na Ɗaya bai ga abin dariya ba. Ya fito kunnuwansa suna zafi. Mutumin da bai taɓa zuwa na biyu ba, yau ga shi a ƙarshen aji, ana lanƙwasa masa yatsu kamar ɗan yaye.

Ya kai ƙorafi wajen abokin aikinsa, wani da ake kira Dogo, irin abokan nan da ba su taɓa gaya maka abin da ba ka son ji. Dogo ya ce ai wannan raini ne, mai sakamako irin nasa ya zauna yana kumbura kumatu da yara, sannan a tura shi goge allo. Ya ce ya yi mastas, gobe shi ne zai zauna a sama yana tsara wa makarantun kurame duka yadda za su yi aiki. Maganar hannu kuwa, ai a waya ma ana koyo.

Da ya gaya wa matarsa ya canza shawara, ta ajiye abin da take yi ta ce, "Baban 'Yar Baba, ka ce don ka yi hira da ita za ka koma karatu. A cikin biyun wanne ne zai sa ka yi hira da ita?"

Ya ce mastas ya fi difloma, kuma wanda ya riƙe babba ba ya rasa ƙarami. Ta ce ita ba girma ta tambaya ba. Ya ce ta bar masa harkar karatu, shi ya san abin da yake yi. Ta koma kan abin da take yi, ranta a ɓace.

Ni dai abin da yake ba ni haushi shi ne, mutumin nan ba jahili ba ne. Ya san gaskiya sarai. Dariyar 'yan mata biyu da ko sunansu bai sani ba, ita ta zaɓar masa hanya. Sauran duk ado ne ya yi wa abin don ya ji daɗin faɗa wa mutane.

Aka shiga mastas. Nan kam ya koma gidansa, littafi da rubutu, nan da nan ya sake zama na ɗaya. Lacca ranar Asabar ake yi, daidai lokacin da makarantar 'Yar Baba take koya wa iyaye maganar hannu. Uwar ta riƙa zuwa ita kaɗai, duk da gajiyar aikinta na mako. Ta sha kuskure, ta sha dariya, har hannunta ya faɗa.

Shi kuwa ya sa tebur a kusurwar falo yana fuskantar bango, wai don kada komai ya ɗauke masa hankali. Daga masana'anta sai tebur. 'Yar Baba takan zo ta taɓa kafaɗarsa da labari a hannu, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, wato ta jira, idonsa yana kan kwamfuta.

Ku fahimci wani abu. Yaro mai ji, kana iya ba shi baya ka ce ina jin ka, kuma ya ji daɗi. Kurma ba haka ba ne. In ba ka juyo da fuskarka ba, ka rufe masa ƙofa ke nan gaba ɗaya. Yarinya takan tsaya a bayansa ta jira, ta jira, sannan ta wuce kicin wajen mamanta.

In ma ya juyo, abu ɗaya ne a bakinsa: "Me ta ce?" Uwar ta fassara, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ya koma. Bidiyon koyon maganar hannu da ya sauke a waya suna nan, ya buɗe na farko bai kai ƙarshe ba.

Karatun da aka ce ba zai daɗe ba ya ja. Malamin da ke duba aikinsa ya yi tafiya, aka canza masa wani, sabon ya ce a sake babi biyu. Shekaru suka shige. Kun san a kan me ya rubuta kundin bincikensa? A kan giɓin da ke tsakanin yara kurame da iyayensu. Kundin kuwa ya yi kyau, har aka yaba masa a gaban jama'a. A lokacin 'Yar Baba ta kai ajin ƙarshe na firamare, kuma ta daɗe da daina zuwa taɓa masa kafaɗa. Shi a ganinsa hankali ta yi.

Malamin kimiyya ya yi ritaya, aka buɗe gurbi. Na Ɗaya ya nema da ƙarfin gwiwa. Shugaba ta gaya masa tun farko cewa takardarsa ba ta koyarwa a aji ba ce, amma saboda shi uba ne a makarantar za ta bar shi ya gwada darasi kamar kowa. Ranar gwaji ya tarar da abokin takararsa a baranda. Mai Tumbi ne, ya ƙara ƙiba, ya gama difloma tuni, yana ta hira da wasu yara da hannu suna tuntsira dariya.

Ajin ƙarshe aka ba su, ajin 'Yar Baba. Na Ɗaya ya zaɓi abin da ya fi sani a duniya, haɗa launi. Ya zo da 'yan kofuna na fenti, ja da shuɗi da rawaya. Ya yi gaisuwar da ya haddace a waya, yara suka amsa. Daga nan hannunsa ya ƙare.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya juya ga allo ya fara rubutu, yana bayani da baki, bayani mai kyau kuwa, irin na wanda ya san aikinsa. Ya ji aji tsit, ya ɗauka sun nutsu. Da ya juyo ya tarar ba mai kallonsa. Yaran suna kallon juna, suna taɓa ƙeyarsu da hannu suna nuna 'Yar Baba, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya ruɗe, ya buga alli a allo, ya ɗaga murya ya ce su saurara. A ajin kurame fa.

Shugaba, wadda take zaune a bayan aji, ta taso a hankali ta ce ya isa haka, ya zo ya zauna kusa da ita.

Mai Tumbi ya shigo, ya kashe fitila ya kunna, duk ido ya dawo kansa. Ya nemi aron kofunan fentin cikin ladabi, ya durƙusa daidai tsayin yaran, fuskarsa tana wajensu. Ya tambaye su me zai faru in aka zuba shuɗi a cikin rawaya. Hannun 'Yar Baba ne ya fara tashi.

Ta miƙe, hannuwanta suna gudu, fuskarta ta yi haske irin wanda uban ya manta da shi. Shugaba ta riƙa fassara masa a hankali. Ta ce yarinyar ta ce kore zai fito, in aka ƙara shuɗi ya yi duhu, kuma ba a gane ainihin launi sai ya bushe. Mai Tumbi ya tambaye ta a ina ta san wannan. Ta taɓa ƙeyarta sau biyu, ta ci gaba.

Shugaba ta ce, "Ta ce babanta a wajen yin fenti yake aiki. Takan ɗauki allunan gwajin da yake zuwa da su gida ya zubar, ta duba."

Na Ɗaya ya ce, "Wace alama ce babanta?"

Shugaba ta gyara tabarau, ta ce wannan ya tambaya a gida.

Ba sai na gaya muku wanda aka ɗauka ba. Na Ɗaya ya koma gida da rana tsaka ya sami matarsa a kicin. Ya taɓa ƙeyarsa sau biyu ya tambaye ta me wannan yake nufi. Ta kashe murhu, ta juyo gare shi.

Ta bayyana masa cewa a wajen kurame kowa yana da sunan hannu, kuma ba kai kake zaɓar wa kanka ba, su suke raɗa maka da abin da suka fi gani a jikinka. Na Mai Tumbi zagayen ciki ne, na Shugaba tabarau. Nasa kuwa ƙeya, don ita yarinyar take gani kullum. Ta ce duk makarantar da wannan sunan suka san shi, har malamai.

Ya ce, "Ba kafaɗa take bugawa ba?"

Ta ce, "Ta daɗe da dainawa."

Ya ce me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba. Ta ce ta gaya masa, a can falo, yana kan tebur. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya ya ce ta bari ya gama babi na huɗu.

Mutumin nan ya zauna a ƙasan kicin ya yi kuka. Ni ban ji tausayinsa sosai a nan ba, gaskiya. Yarinyar na ji wa, wadda take tsince allunan da ya zubar don ta san wani abu game da ubanta.

Da aka buɗe ɗaukar ɗalibai ya je ya shiga diflomar, da mastas ɗinsa da furfura a gemu. Malamar nan kurma tana nan, ta gane shi, ta kama hannunsa ta lanƙwasa yatsun da suka ƙara sandarewa. Ya zama na ƙarshe a aji, aka yi masa dariya, ya ga ashe dariya ba ta kisa. Dogo kuwa da ya ji labari cewa ya yi shi dama tun farko ya san diflomar ce ta fi dacewa.

Sai dai yarinya ba ta tsaya jiransa ba. Ta ci jarrabawa, ta samu sakandaren kurame ta kwana a wani gari mai nisa. Kafin ya iya haɗa jimla mai tsawo, ranar tafiya ta zo.

A tasha, bayan an ɗora akwatinta, ya tsaya a gabanta ya yi abin da ya daɗe yana bitarsa. Ya ba ta haƙuri da hannu, a hankali, yana gyara yatsu. Sannan ya buga kafaɗunsa biyu, ya nuna kansa, yana roƙo da ido.

Ta dube shi da mamaki. Ta yi ɗan murmushi, ta maimaita bugun kafaɗar kamar mai ƙoƙarin tuna wani abu, ta girgiza kai. Ba ta tuna ba. Ta mayar masa da amsa da sauri, ya kama farko ya rasa sauran. Ta ga bai gane ba, sai ta yi abin da ta saba tun tana ƙarama, ta juya wajen mamanta. Ta taɓa ƙeya sau biyu, ba da fushi ba, ba da gori ba, suna ne kawai.

Uwar ta fassara: "Ta ce in gaya maka babu komai. Ta ce ka dage, hannunka ya fara kyau."

Direba ya yi hon, yarinya ta shiga ta zauna. Na Ɗaya ya tsaya da sauran maganar da ya haddace a yatsu, yana ɗaga hannu ko za ta waiwayo ta taga. Ta riga ta juya tana hira da wata ɗaliba da suka haɗu a kujera. Har motar ta fita daga tasha, ƙeyarta kawai yake gani.

Darasi: Mastas ba laifi ba ne, difloma ma ba ƙasƙanci ba ce, kowanne da ƙofar da yake buɗewa. In za ka canza hanyar aiki bayan digiri, kada ka tambayi wace takarda ce ta fi girma, ka tambayi wacce ce za ta kai ka wajen abin da ya sa ka tashi tun farko. Wanda ya shiga sabon fanni dole ya yarda ya zama na ƙarshe a aji, a gyara masa hannu, a yi masa dariya. Takarda tana jira, amma yaro ba ya jira. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana tsaye tsakanin karatu biyu, ko Allah zai sa ya juyo tun ana taɓa masa kafaɗa.